Kurakuran da ke hana ƙungiyar hoki ta NHL farfaɗowa

A gasar hokin ƙanƙara ta NHL da ake bugawa a Amurka da Kanada, ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ba ta faɗawa ƙaramar gasa kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Lada ma ake ba ta: idan aka jefa ƙuri'a, ita ke da dama mafi girma ta fara zaɓe cikin matasan da ke shigowa gasar a shekarar. Wannan tsari ne ya sa manajoji da yawa ke ganin hanyar farfaɗowa a buɗe take, wato ka sayar da manyan 'yan wasanka, ka sha kashi shekara biyu ko uku, ka kwashi haziƙan yara, kofin Stanley na zakaran gasar ya biyo baya. Pittsburgh ta yi haka da Malkin da Crosby ta ci kofi a 2009. Chicago ta yi da Toews da Kane ta ci a 2010 da 2013 da 2015. Amma waɗanda suka bi hanyar suka ɓata sun fi waɗanda suka isa yawa, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar faɗuwa da gangan a matsayin dukkan shirin. A kakar 2014-15 Buffalo ta rushe tawagarta don ta samu Connor McDavid, matashin da kowa ke hari a zaɓen 2015. Abin ya kai a watan Maris na 2015, a filinsu na gida, da Arizona ta zura musu ƙwallon nasara a ƙarin lokaci, wasu magoya bayan Buffalo suka ɓarke da shewa, 'yan wasansu na ji. Sun ƙare a ƙarshen teburi kamar yadda suke so, sai ƙuri'a ta faɗa wa Edmonton, su kuma suka ɗauki Jack Eichel a matsayi na biyu. Eichel gwani ne, babu musu. Matsalar ita ce ya tarar da gidan da aka riga aka koya wa kowa cewa shan kashi ba komai ba ne, kuma wannan ɗabi'a ba ta fita da sauri. A ƙarshen kakar 2017-18 Ryan O'Reilly ya fito fili ya ce ƙungiyar ta saba da faɗuwa, har son wasan ya fara fita daga ransa. Aka tura shi St. Louis, shekara ta zagayo ya ɗaga kofi, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin neman kofin, wato zagayen fitar da gwani da ke biyo bayan kaka. Gaskiya Buffalo ta samu Tage Thompson a cinikin, amma sai da ta jira shekaru kafin ya zama abin da ya zama. Daga 2012 zuwa 2025 kaka 14 a jere ba ta shiga wasannin neman kofi ba, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin gasar.

Gyaran wannan a wurina mai sauƙin faɗa ne: ko da za ka sayar, kar ka share gidan gaba ɗaya. Bar dattawa uku ko huɗu masu riƙe ɗakin canza kaya, ka samu mai tsaron raga da ba zai bari a riƙa wulaƙanta yaranka kowane dare ba. Kuma ka yi lissafi da ƙuri'ar yadda take. A dokar yanzu, wanda ya zo na ƙarshe damarsa ta samun zaɓen farko kusan kashi 25 ce cikin ɗari. Wanda ya jingina shirinsa duka a kan wannan, caca yake yi.

Edmonton ta nuna wani ɓangaren. Ta samu zaɓen farko a 2010 da 2011 da 2012, ta ɗauki Taylor Hall da Ryan Nugent-Hopkins da Nail Yakupov, dukkansu 'yan gaba, amma ba ta ga wasannin neman kofi ba daga 2007 har 2016. Tsaron baya ya zama rariya, raga ba tabbas, kuma zagayen baya na zaɓen matasa bai cika ba ta 'yan wasan kirki ba. Da matsin ya yi yawa sai ta ba da Hall a 2016 ta karɓi ɗan baya Adam Larsson daga New Jersey, kai da kai. Shekara biyu bayan haka Hall ya zama gwarzon ɗan wasan gasar. Kwatanta da Tampa Bay, wadda ta tsinto Nikita Kucherov a zagaye na biyu a 2011, da Brayden Point a zagaye na uku a 2014, su ne kuma ƙashin bayan kofunanta na 2020 da 2021. Zaɓen farko kusan kowa ya san wanda za a ɗauka. Inda ake gane ƙungiya mai aiki shi ne zagaye na biyu zuwa na bakwai, don haka kuɗin da ya kamata a zuba shi ne na masu farautar yara a gasannin matasa na Kanada da jami'o'in Amurka da Suwidin da Finlan, da kuma ƙaramar ƙungiyarka ta gasar AHL da ke ƙarƙashin NHL, inda yaro zai yi shekara ɗaya ko biyu yana nuna kafin a jefa shi cikin manya.

Sai gaggawa, wadda ita ta fi ba ni takaici, domin tana zuwa ne daidai lokacin da abu ya fara kyau. Manaja ya ga 'yar nasara, ya ɗauka an iso, ya miƙa zaɓensa na zagayen farko don ɗan wasa ɗaya. Toronto ta ba Boston zaɓen zagayen farko guda biyu a 2009 don Phil Kessel, ta ci gaba da faɗuwa, zaɓen suka zama Tyler Seguin da Dougie Hamilton. Ottawa ta yi irinsa a 2017 don Matt Duchene, zaɓen da ta bayar ya zama na huɗu a 2019, Colorado ta ɗauki Bowen Byram. Wannan cin irin shuka ne tun damina ba ta faɗi ba. Idan dole sai ka ba da zaɓen zagayen farko, sa sharaɗi a takarda cewa in ya faɗo cikin goman farko naka ne, a ɗaga biyan zuwa baɗi. Kuma kafin ka sa hannu ka duba ko nasarorin da suka ruɗe ka daga mamaye wasa suka zo, ko mai tsaron ragarka ne ya yi wata biyu yana tare abin da ba ya saba tarewa.

Akwai kuma rufin albashi. Tun 2005 kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta biya 'yan wasanta a shekara. Ya fara da dala miliyan 39, ya kai miliyan 88 a kakar 2024-25. Ƙungiyar da ke gini tana da sarari a ƙarƙashin rufin saboda yaranta na kan kwantiragin farko mai araha, galibi na shekara uku. Kuskuren shi ne cike sararin da dogon kwantiragi ga wanda ya kusa shekara talatin. Edmonton ta ba Milan Lucic dala miliyan 42 na shekara bakwai a 2016, ta rabu da shi bayan uku. Buffalo ta ba Jeff Skinner miliyan 72 na shekara takwas bayan ya ci ƙwallo 40. Kaka biyu da suka biyo ya ci 14 da 7, ya farfaɗo daga baya, amma a 2024 sai da ta biya shi ta sallame shi. Dattijo a ba shi shekara biyu, ko da albashin ya ɗan yi tsada. Dogon kwantiragi na yaron da ka raina ne, tun kafin farashinsa ya tashi. Sararin da ya rage kuma haja ne: ƙungiyar da rufi ya matse za ta haɗa maka da zaɓe don ka ɗauke mata nauyin wani kwantiragi.

Canza koci kowace shekara biyu ma ɓarna ce. Tsakanin korar Lindy Ruff a 2013 da dawo da shi a 2024, Buffalo ta yi koci shida, kowanne da salonsa, yara na koyon sabon tsari kafin su ƙware a tsohon. A lokacin kuma Eichel ya ci kofi da Vegas a 2023, Sam Reinhart ya ci da Florida a 2024, Linus Ullmark ya zama gwarzon mai tsaron raga a Boston. Hazaƙar tana nan, muhallin ne ya gaza.

New York Rangers ta rubuta wa magoya bayanta wasiƙa a Fabrairun 2018 ta gaya musu ƙarara cewa za ta rabu da fuskokin da suka saba da su don ta sake gini, kuma a 2022 ta kai wasan ƙarshe na yankin Gabas. Florida kuwa ba ta jira ƙuri'a ba. Manaja Bill Zito ya zo a 2020, ya ɗauko Carter Verhaeghe da araha, ya karɓi Gustav Forsling da Carolina ta saki, sannan da ya tabbatar tawagar ta nuna, ya ba da Jonathan Huberdeau a 2022 ya kawo Matthew Tkachuk. Kofi ya zo a 2024, ya sake zuwa a 2025.