Kurakuran da aka fi yi wajen harba tsofaffin bindigogin soja masu baƙin albarushi

Bindigar Martini-Henry da sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871, ko Springfield ta Amurka ƙirar 1873, ko Mauser ta Jamus ta 1871, duk sun haura shekara 140, kuma da yawansu har gobe suna tashi. Amma da dama daga cikin waɗanda ke lalacewa a hannun masu sha'awa, harsashin da aka haɗa musu ne ke kashe su, ba tsufa ba.

Kuskure mafi muni shi ne ɗura musu albarushin zamani marar hayaƙi. Wannan albarushi sai a 1884 Paul Vieille ya samar da shi a Faransa, bayan an riga an ƙera waɗannan bindigogi, saboda haka ƙarfensu da makullinsu ba a yi su don ɗaukar ƙarfinsa ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne harsashin .45-70, wato na Springfield, har yanzu ana sayar da shi, kuma wani an cika shi ne don bindigogin zamani masu ƙwari. Zai shige cikin tsohuwar Springfield daidai wa daida, amma shigar ba ta nuna ta iya da shi. A tsaya ga baƙin albarushi na kamfani, wanda aka saya bisa dokar ƙasar da mutum yake. Haɗa albarushi a gida kuwa, a bar shi kwata-kwata.

Kafin ma a kai nan, a miƙa bindigar ga maƙerin da ya san tsofaffin makamai ya duba tsaga da tsatsa. Masu Martini su ƙara lura, domin akwai na jabu da aka ƙera da hannu a yankin Khyber da ke kan iyakar Pakistan da Afghanistan, masu tambarin Ingila na kwaikwayo, wani lokaci har da harafi a juye. Irin waɗannan ado ne na bango.

Sai barin fili a cikin kwanso. Wannan ya fi kama masu harsashin .577/450 na Martini, domin kwanson tagulla na yanzu ya fi na asali ciki. Mutum ya auna albarushinsa daidai, ya ɗora dalma, ya girgiza kusa da kunne sai ya ji yana ƙara, alamar akwai sarari ke nan. Baƙin albarushi ba ya son iska tsakaninsa da dalma. Hakan na iya kumbura wa bututu zobe daga ciki, kuma wannan tabo ba ya gyaruwa. Ana cike gurbin da gashin tumaki da aka shace da faifan kwali, har komai ya zauna daram.

Kuskuren da ke sa mutane su yanke ƙauna da bindiga mai kyau shi ne amincewa da girman da aka rubuta a littafi. Faɗin bututun waɗannan bindigogi ya kan bambanta ko a ƙira ɗaya. A tura gutsuren dalma mai taushi ta cikin bututun, a auna shi, sannan a zaɓi abin zuba harsashi. Dalmar ma ta zama mai taushi, yadda farce zai iya yi mata shaida, don ita ce ke buɗewa ta kama tsagin bututu. Mai tauri ko mai ƙaranci sai ta riƙa tuntsurawa a iska, ka ga ramin da ta huda a takarda ya fito a kwance. Wajen narkar da ita a yi a sarari inda iska ke kaɗawa, kuma ko ɗigon ruwa kada ya kusanci tukunyar.

Maiƙon harsashi ma ana kuskure a kansa. Man da aka samo daga fetur idan ya haɗu da tokar baƙin albarushi sai ya daskare kamar kwalta, bayan 'yan harbi kaɗan saiti ya watse. Kakin zuma da kitse, waɗanda aka yi amfani da su tun asali, su ne ke barin tokar da laushi.

Idan an ja kunama ba ta tashi ba, kada a yi gaggawar buɗewa. A bar bakinta yana kallon wurin harbi na minti ɗaya, domin wutar na iya makara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ce wanki sai gobe. Tokar nan tana jan laima, tana kuma cin ƙarfe cikin dare ɗaya. Ruwa ne maganinta, mai kaɗai ba ya narkar da gishirin da ke cikinta. A wanke bututun da ruwan ɗumi a ranar, a yi ta tura tsumma har ya fito fari, a busar sarai, sannan a shafa mai. Kwansunan kuma a cire musu hular kunnawa, wato 'yar hular da ke gindinsu mai tada wuta, a jefa su cikin ruwan sabulu tun a filin harbi, in ba haka ba sai su yi kore su rube, ga shi na Martini da na Snider, wata tsohuwar bindigar sojan Ingila, suna da wuyar samu.