Kurakuran Masu Ɗanɗanon Wiski Mai Hayaƙi

A tsibirin Islay na ƙasar Sikotilan, wanda mutanen wurin ke kira Aila, ana busar da tsiron sha'ir a kan hayaƙin fit, wato ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama da ta danƙare tsawon dubban shekaru. Daga nan wiski irin su Laphroaig da Lagavulin ke samo ƙaurin nan mai kama da na kifin banda. In aka ajiye shi a gangar da ta taɓa ɗaukar sheri, giyar inabin Jerez ta Sifaniya, sai ya ƙara da ɗanɗanon zabibi da dabino. Baƙo yakan ji hayaƙin, zabibin ya wuce shi, kuma yawanci gaggawa ce ke jawo hakan.

Za ka ga mutum ya cusa hanci cikin kofi ya shaƙa da ƙarfi. Ardbeg Uigeadail, wani wiskin Islay, ƙarfin barasarsa kashi 54.2 cikin ɗari ne, nan take hancin zai ɗauki zafi, ido ya kawo ruwa, shi ke nan an gama jin ƙamshi. Ka bar kofin ya zauna kamar minti goma, ka shinshina daga ɗan nesa, baki a ɗan buɗe. Tambulan mai faɗin baki ma ɓarna ne, ƙamshin tserewa yake. Nemi mai tsukakken baki irin Glencairn.

Sai ƙanƙara. Sanyi na danne zaƙin gangar ya bar ka da toka a harshe. Wasu kuma sun kafe cewa ruwa cin mutuncin wiski ne, alhali masu haɗa shi a masana'anta kansu suna sirkawa kafin su shinshina. Ɗigo biyu ko uku a cokalin shayi, ka kurɓa, in bai isa ba ka ƙara. Wanda aka zuba dai ba ya fitowa.

Launi shi ne ya fi yaudarar mutane. Dokar wiskin Sikotilan ta halatta ƙara launin ƙonannen sukari, E150a, don haka jan duhu ba shaidar gangar sheri ba ne. Duba jikin kwalba ko an rubuta Oloroso ko Pedro Ximénez, wato nau'o'in sheri. Na biyun ya fi zaƙi nesa ba kusa ba. Shekarun da ke jiki, 10 ko 16, na mafi ƙanƙantar wiskin da ke ciki ne, kuma da zarar an ɗura a kwalba tsufa ya tsaya, ko ta shekara 20 a kabad.

In kwalabe da yawa ne a gabanka, kada ka fara da Laphroaig, zai mamaye bakin. Fara da Highland Park na tsibiran Orkney na Sikotilan, mai sassauƙan hayaƙi, ka kurɓi ruwa tsakani, kuma ranar ka bar yaji da turare sai an tashi.