Yadda za ka zana maƙera ta yadda 'yan baya za su gane ta

A duwatsun Geji da ke ƙaramar hukumar Toro, da kuma na Shira, duk a jihar Bauchi, har yau ana ganin shanun da mutanen dā suka zana da jan launi. Mai zane na yau a Bauchi aikinsa ke nan, sai dai shi a kan kyalle zai yi. Mu ɗauki maƙera a matsayin misali, tunda kayanta kullum canzawa suke yi: wurare da dama injin hura wuta ya kori zugazugin fata.

Kafin ka taɓa fenti, je ka zauna a maƙerar, da izinin mai ita, kwana biyu ko uku. Riƙe fensir da littafi, ka zana kowane kayan aiki shi kaɗai, ka tambayi sunansa ka rubuta a gefe: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi. Lura da zaman maƙerin. A ƙasa yake zaune, uwar maƙera a kafe gabansa, yaro na gefe yana zuga. Masu kwaikwayon hotunan intanet sukan tsayar da shi tsaye gaban dogon teburi, wannan kuwa maƙerin Turai ne. Wanda ba ya son zana fuska saboda dalilin addini, ya zana mutumin ta baya, ko hannuwa da kayan aiki kawai.

Sai shirya kyalle. Yadi ɗaya na farin auduga mai kauri ya ishi firam na santimita 60 da 90. Fara kafa ƙusa a tsakiyar gefe ɗaya, ka ja sosai ka kafa a tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, haka sauran biyun, sannan ka riƙa matsawa zuwa kusurwa, tazarar yatsu huɗu tsakanin ƙusa da ƙusa. In ka fara daga kusurwa, tsakiyar za ta yi tattara. Dama farin gam na kafintoci, kashi 1 cikin ruwa kashi 3, ka shafe kyallen. In ya bushe, bi shi da farin fentin bango na ruwa sau biyu ko uku, shafa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kana goge kowace da samfefa mai laushi. Wanda ya tsallake wannan, kyallen zai shanye masa fenti, in kuma fentin mai ne, man zai ci zaren a hankali har ya ruɓe.

Launin ƙasarmu ba sai an saya ba. Jar ƙasa, farar ƙasa da gawayi sun isa su ba ka bango, daɓe da toka. Daka jar ƙasar, ka tankaɗe, ka dama cikin bokitin ruwa. Bari minti ɗaya yashi ya kwanta, ka tsiyaye jan ruwan sama a wani mazubi, ya kwana. Lakar da ta kwanta ita ce launinka. Shanya ta ka niƙa. In a takarda za ka yi aiki, haɗa ta da ƙaro, kamar yadda almajirai ke haɗa tawada: ƙaro kashi 1, ruwan ɗumi kashi 2, ya kwana a jiƙe, a tace, a ɗiga zuma kaɗan. Ƙaro in ya yi yawa fentin zai tsattsage, in ya yi kaɗan zai biyo yatsa. A kan kyalle kuwa da farin gam za ka kwaɓa, don na ƙaro ruwa na wanke shi.

Fitar da siffofi da gawayi, ka kaɗe burbushin, sannan ka fara da duhu. Cikin maƙera duhu ne, hasken daga wuta yake tasowa, saboda haka ƙarƙashin haɓa da gaban hannu ne ke haske, ba saman kai ba. Ƙarfen da ya fito daga wuta launi uku ne: rawaya a inda ya fi zafi, ruwan lemo, sai ja mai duhu can wajen awartaki. Wannan sai a ƙarshe ake sa shi, da buroshi mai tsabta. Kada ka yi inuwa da baƙi zalla, tana kashe zane; haɗa ruwan ƙasa da shuɗi.

Da hunturu fentin akirilik, wato fentin masu zane da ake sirkawa da ruwa, yakan bushe a faranti cikin 'yan mintuna, don haka matso kaɗan-kaɗan, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi. Fentin mai kuma yakan kai kwanaki bai bushe ba, ƙura ta manne masa; jingina shi yana fuskantar bango. Ana iya sa na mai a kan akirilik, amma akirilik a kan na mai ɓarewa yake.

In ka gama, juya bayan kyallen ka rubuta unguwa, shekara, da sunan kowane kayan aiki. Rataye shi inda rana ba ta bugu, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, ka riƙa duba firam saboda gara. In naɗewa za ka yi, fuskar fentin ta kalli waje, kuma kada ka ɗaure shi cikin leda.