Kar ku goge, ku ajiye tukuna

'Yan uwa marubuta, duk ranar da kuka ji rubutunku shirme ne, don Allah kar ku danna gogewa. Ku tura wa kanku a WhatsApp, ku bar shi kwana 7 ba ku leƙa ba.

Rana ta 8 ku karanta da ƙarfi kuna ɗaukar muryarku, sai ku saurara kuna wanke-wanke ko kuna cikin adaidaita.

Ni wallahi na taɓa goge babi 5 da ƙarfe biyun dare saboda wata ta ce min labarin ba armashi, washegari na zauna da wayar a hannu ina kuka, ba dawowa. Gajiya ce ke magana a irin lokacin nan, ido ya saba da kalmomin ya daina ganinsu. Kunne kuwa zai nuna muku daidai inda zancen ya yi sanyi, sau da yawa sakin layi biyu ne kacal.

Amma fa in gasa ce irin Hikayata ta BBC Hausa kuma ranar rufewa ta matso, ba ku da kwana 7, dare ɗaya ya isa. In kuma ginin labarin ne ya karkace tun tushe, nan sai kun ba wanda ya girme ku a harkar ya duba muku.