Yadda ake jinyar ido a gida bayan aikin leza

Aikin leza, wato aikin ido da ake yi da wani siririn haske mai ƙarfi, ba ya cin lokaci. Mutum zai shiga ɗakin aiki ya fito kafin shayin ɗan rakiyarsa ya huce, ba ɗinki, ba jini. Wannan sauƙin shi ke yaudarar mutane: a hau mota a koma Gumel ko Rano, washegari a wuce gona. Alhali aikin da ya rage yana gida, inda ƙura da hayaƙi da ruwan rijiya da hannun mai idon suke jira.

Kafin ka bar asibiti, ka sa likita ya rubuta maka sunan aikin da aka yi, domin leza ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ake yi a gaban ido don a rabu da tabarau, wato LASIK ko PRK. Akwai YAG, wadda ake yi wa wanda aka cire wa yanar ido a baya, ganinsa ya sake yin hazo. Akwai ta bayan ido ga masu ciwon sukari, da SLT ga masu hawan jinin ido. LASIK da PRK su ne masu jinya mai tsanani, a kansu za mu fi daɗewa.

Abin da ya sa suke da tsanani shi ne inda ake taɓawa. Gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. A LASIK ana yanka wani siririn murfi a samanta, kamar ɓawon albasa na ciki, a ɗaga shi, leza ta gyara ƙasan, a mayar da shi ba tare da ɗinki ba. Da kansa yake mannewa, kuma a kwanakin farko yatsa ɗaya ya isa ya gusar da shi. A PRK ba a yin murfi. Kankare saman ake yi, a rufe da wani ɗan gilashin roba mai taushi har sabuwar fata ta tsiro, likita ya cire shi bayan kwana 4 zuwa 7.

Ranar aiki da daren farko

Ka je da ɗan rakiya, kuma ka shirya kwana a garin da aka yi aikin. Likita zai so ya duba idon washegari, wannan dubawar kuwa ita ce mafi muhimmanci, don a nan ake gane ko murfin ya zauna daidai. Mai zuwa Kano daga Haɗeja ko Birnin Kudu ya nemi masauki wurin 'yan uwa tun kafin ranar. Kada ka tuƙa, kada ka hau babur. A mota ka zauna nesa da taga, baƙin tabarau a fuska, ido a rufe.

Maganin kashe zafin da aka ɗiga zai sake ka bayan kamar rabin awa. Daga nan sai raɗaɗi, hawaye, da jin kamar an zuba yashi. A LASIK wannan yakan ɗauki awa 4 zuwa 6, maganinsa barci a ɗaki mai duhu. A PRK ciwon ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, sannan ya sauka. Babba zai iya shan farasitamol mai 500, ƙwaya biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce takwas a yini da dare. Wani zai ga jan tabo kamar jini ya kwanta a farin ido. Na'urar da ta riƙe idon ce ta bar shi, ba ya cutarwa, yakan washe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Za a ba ka marfin roba mai ƙananan huji. Duk lokacin da za ka kwanta, har barcin rana, ka manna shi da filasta daga goshi zuwa kunci, na mako guda ko yadda likita ya ce. Gefensa ya hau kan ƙashi, kada ya danne ido. Mai barci bai san hannunsa ya kai ido ba, yaron da ke birgima kusa da mahaifiyarsa ma bai sani ba. Mai goyo ta kwantar da jaririn ɗan nesa da fuskarta, ta kuma kula da farcensa lokacin shayarwa.

Ɗiga magani

A nan aka fi yin kuskure. Yawanci kwalba uku ake bayarwa: mai kashe ƙwayoyin cuta, galibi sau huɗu a rana na mako ɗaya, mai hana kumburi, wanda ake ce wa sitiroyid, sai hawayen roba mai jiƙa ido. Wanda ba ya karatun boko ya sa a ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi dabam. Sau huɗun kuma ya fi sauƙin riƙewa idan aka jingina shi da salla: Asuba, Azahar, Magariba, sai lokacin kwanciya.

Wanke hannu da sabulu, ka bar shi ya bushe da kansa, kada ka goge a riga. Idan maganin fari ne kamar madara, girgiza kwalbar sosai, don ƙwayar maganin tana kwantawa a ƙasa. Kwanta rigingine ko ka ɗaga kai. Ja fatar ido ta ƙasa da yatsa ɗaya, ka kalli sama, ka saki ɗigo ɗaya a aljihun da ya buɗe. Fatar sama kada ka taɓa ta. Bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa, in ya taɓa ya kwashi datti ke nan, kullum kuma shi za ka riƙa mayarwa. Rufe idon a hankali na minti biyu, ba runtsewa da ƙarfi ba. Abin da ya gangaro kunci ka share da auduga mai tsabta.

Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya iya riƙe ma ɗayan duka, na biyu asara ne. Tsakanin magani da magani ka bar minti biyar, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Wanda hannunsa ke rawa ya samu mutum ɗaya tak a gidan da zai riƙa ɗiga masa, wanda ya ga yadda ma'aikaciyar jinya ta yi.

Zafin bazara yana lalata magani. Kada a bar kwalba a aljihu, ko kan taga, ko ƙarƙashin rufin kwano da rana. A sa su cikin kwano mai murfi a gindin randa inda ƙasa take da sanyi, amma ba cikin ruwan ba. Ka tambaya ko akwai wanda lallai sai firiji, don a canza maka in babu wuta. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce kwana 28. Hawayen roba na ƙananan leda marasa sinadarin adanawa kuwa, ranar da aka fasa ranar ake yar da ragowar.

Sitiroyid yana da fuska biyu. A LASIK mako ɗaya ko biyu ake yi, a PRK yakan kai watanni ana rage shi sannu a hankali. Wanda ya yanke shi da kansa don ya ji sauƙi, kumburi zai dawo, hazo ya sauka a idon. Wanda kuma ya ji daɗinsa ya ci gaba da saye a kemis bayan likita ya tsayar, yana iya jawo wa kansa hawan jinin ido ko yanar ido, ba tare da wani ciwo da zai gargaɗe shi ba. Haka maganin kashe zafi na ɗigawa irin na ɗakin aiki: yawan sa shi yana hana fatar warkewa, har ta narke. Ko wani ya ba ka, kada ka karɓa.

Ruwa, alwala da azumi

Mako na farko ruwa ba ya shiga ido, ko na rijiya ko na burtsatse ko na leda. Ruwan da ya dace da sha ba lallai ya dace da ido mai rauni ba. A wanka, zuba daga wuya zuwa ƙasa. Fuska a goge ta da tsumma mai tsabta da aka matse, a kauce wa ido. Kwantsar safe a cire ta da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, shafa ɗaya daga gefen hanci zuwa waje, a yar da audugar. Wankan kogi, dam ko kududdufi sai bayan wata guda, masunta da masu noman shinkafa a fadamun Haɗeja da Kura su lissafa wannan kafin su karɓi ranar aiki.

Shari'a ta yi rangwame ga wanda ruwa zai cutar. Ka gaya wa malaminku abin da likita ya ce, ya nuna maka ko shafa za ka yi ko taimama. In taimama ce, dutse mai tsabta ya fi rairayi, saboda ƙura. Sujada ba ta da illa bayan leza sai in likita ya hana, amma a kakkaɓe darduma a waje, kuma ba kai za ka kakkaɓe ba. Batun ɗigon ido ga mai azumi malamai sun yi saɓani, musamman in ɗacinsa ya kai maƙogwaro. Danna lungun ido na gefen hanci a hankali na minti ɗaya yana rage gangarowarsa. Mafi sauƙi dai a sa ranar aiki a wajen Ramadan, don tsallake maganin rana a makon farko ganganci ne.

Ƙura, hayaƙi da gona

Da za a bi shawararmu, manomi ba zai yi LASIK ko PRK a kaka ko tsakiyar hunturu ba. Ƙaiƙayin gero da dawa, ganyen kara, ƙurar sussuka da shiƙa, su ne manyan hanyoyin da wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ke shiga ido, irin ƙwayar da maganin kashe ƙwayoyin cutar da aka ba ka ba ya kashewa, sitiroyid kuma ƙara mata ƙarfi yake. Tana farawa da ɗan farin ɗigo a baƙin ido, ta ƙare da hakiya. Sussuka, casa, shiƙa, watsa taki, feshin magani, sharar turke, a bar wa wasu na mako biyu aƙalla, wata guda ya fi. Bayan nan ma da tabarau mai rufe gefe.

Mace ta samu mai karɓar mata girki na mako ɗaya zuwa biyu. Hayaƙin itace yana sa ƙaiƙayi, ƙaiƙayi kuma yana kiran hannu. Dakan yaji, tankaɗe, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk su dakata, gidan sauro ya wadatar. Kwalli a ajiye shi mako biyu zuwa wata. In za a koma, da sabon tandu da tsinken da ba a raba shi da kowa, ko da yake kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, barinsa ya fi.

Masu zuwa sannu za su zo da magunguna: nonon mai shayarwa, ruwan albasa, zuma, ruwan sukari, jiƙon ganye, ruwan rubutu. A yi godiya, a karɓi addu'a, amma kada ko ɗaya ya shiga idon. In wani abu ya faɗa, kada a hura, kada a sa harshe ko gefen zane. A kwarara hawayen roba, in bai fita ba a tafi asibiti. Gilashin robar PRK in ya faɗo, ba a mayar da shi.

Bushewar ido za ta daɗe, wata 3 zuwa 6 ga mafi yawa, domin aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido ya yi hawaye. Hawayen roba duk awa ɗaya ko biyu a farko, a rage daga baya. Fitilar mota za ta riƙa yin zobe da dare na wasu makonni, direba da ɗan acaɓa su jira izinin likita. Mai PRK ya riƙe baƙin tabarau mai tare hasken rana na watanni, don rana tana ƙara hazon tabo, ganinsa kuma zai yi ta hawa da sauka har wata ɗaya zuwa uku. Wanda ya haura shekara 40 zai iya buƙatar tabaran karatu duk da aikin, wannan shekaru ne, ba kuskuren likita ba.

Sauran lezoji

YAG ba ta barin rauni a wajen ido, ana komawa harka washegari. 'Yan baƙaƙen ɗigo masu yawo na kwanaki ba komai ba ne. Lezar masu sukari tana barin gani dishi-dishi na sa'o'i saboda maganin buɗe ido, sau da yawa sai an koma zama biyu ko uku, kuma aikinta tsare ganin da ya rage ne, ba dawo da wanda ya tafi ba. SLT takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta nuna aiki, don haka ba a ajiye maganin hawan jinin ido sai likita ya auna ya ce a ajiye.

Abin da ba ya jiran ranar kasuwa

Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ganin da ya fara kyau sannan ya koma baya, ruwan ɗiwa, farin tabo a baƙin ido, duka ko tsokalewa a idon, walƙiya ko duhu kamar an ja labule daga gefe, ciwon kai mai tsanani da amai: kowanne a cikinsu tafiya ce a ranar, ba gobe ba. Ka manna marfin roba, ka ɗauki duka kwalaben da takardar aikin. In inda aka yi aikin ya yi nisa, nufi sashen ido mafi kusa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ba kemis ba. Kuɗin motar wannan tafiya a ware shi tun ranar aiki, tare da na komawa dubawa bayan mako ɗaya, wata ɗaya da wata uku, kuma lambar wayar asibitin ta kasance a wayar mutum biyu a gidan.