Idan kwaɓin fulawa ya ƙi tashi a ƙasar sanyi

Sabon zuwa Turai ko Kanada yakan kwaɓa fulawa a tsakiyar hunturu, ya rufe, ya dawo bayan awa ɗaya da rabi ya tarar da kwaɓin zaune a gindin kwano ko motsi bai yi ba. Nan take sai a ɗora wa yis laifi, a zubar da komai. Alhali sau da yawa yis ɗin lafiyarsa ƙalau, sanyi ne ya kama shi.

Yis abu ne mai rai. Sukarin da ke cikin kwaɓi yake ci, ya fitar da iskar da ke kumbura shi, kuma saurin aikinsa ya rataya ne ga ɗumi. Tsakanin digiri 24 zuwa 27 na ma'aunin Selshiyas ne ya fi dacewa da tashin kwaɓi. Gidan da ake ɗumamawa da hita kuwa yawanci bai wuce 18 zuwa 21 ba, teburin kicin na dutse ko gefen taga ma ya fi haka sanyi. A irin wannan yanayi, kwaɓin da zai ninka cikin awa ɗaya kan ci awa biyu ko uku. Don haka ku daina kallon agogo, ku kalli kwaɓin: ku liƙa ɗan salatif a jikin kwano daidai inda ya tsaya, ku jira ya ninka.

Wuri mafi sauƙi na ɗumama shi shi ne cikin obin a kashe, da fitilarsa kaɗai a kunne, ko a ajiye kwanon ruwan zafi a ƙasansa. Kada ku ɗora kwanon kwaɓin kai tsaye a kan ƙarfen hita. Gindin zai yi zafi fiye da kima, saman yana nan da sanyinsa. Iskar ɗakin da hita ke aiki busasshiya ce, tana yi wa kwaɓi ɓawo a sama ya hana shi miƙewa, shi ya sa leda ko murfi ya fi tsumma.

Kuskuren da ya fi sanyi muni shi ne ramuwa da ruwan zafi. Sanyi kwantar da yis kawai yake yi, zafi kuwa kashe shi yake, daga wajen digiri 55 zuwa 60 ya mutu har abada. Ruwan jiƙa shi ya tsaya a 38 zuwa 43, wato wanda zai yi wa bayan hannu ɗumi ba tare da ya ƙona ba. A Amurka ku lura, da Farenhait suke lissafi, 100 zuwa 110 ke nan. Ma'aunin zafi na kicin ya fi yatsa gaskiya.

In kuna shakkar yis ɗin, ku gwada kafin ku yi asarar fulawa. Rabin kofin ruwan ɗumi, cokalin shayi ɗaya na sukari, ƙunshi ɗaya na yis. Bayan minti 10 ya kamata kumfa ta taso ta rufe saman ruwan. In ruwan ya tsaya tsit, a sayo wani.

Sai batun abin da aka rubuta a jikin takarda, wanda ke rikita mutane da dama. A Faransa kalma ɗaya ce ta haɗa abu biyu: levure boulangère shi ne yis, levure chimique kuwa bekin hoda ne, ko kwana ya yi ba zai tayar da kwaɓi irin yadda yis ke yi ba. A Jamus Hefe za ku nema, kuma akwai ɗanyensa a firjin kanti, ɗan dunƙule mai giram 42. Rabinsa ya yi daidai da ƙunshin busasshe mai giram 7, wanda ya ishi fulawa giram 500. Ɗanyen ba ya daɗewa, makonni kaɗan ne ko a firji.

Gishiri giram 10 ya wadatar ga fulawa rabin kilo, in ya wuce haka sosai yis zai ja baya. Sukari ma haka, da ya haura kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa tashi zai yi jinkiri. Fulawar kanta iri-iri ce. Mai lamba 405 a Jamus ta kek ce, 550 ta fi riƙe iska, a Ingila kuma a duba mai furotin giram 12 ko sama a kowane giram 100.

Akwai kuma kwaɓin da ya wuce wuri. Ya tashi har ya faɗa, yana tsami da warin barasa, in an taɓa shi yana yagewa. Ku danna yatsa mai garin fulawa a ciki: in ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, lokacin gashi ya yi. In bai dawo ba sam, ku danne iskar, ku sake mulmula shi, ku bar shi minti 30 zuwa 40 kawai. Wanda aiki ba ya barinsa ya tsare kwaɓi, ya sa shi a firji a rufe da dare, ya fito da shi awa ɗaya kafin gashi washegari.