Yadda nake tsallake bazara da ƙaramin jirgin ƙasana a Katsina

Duk baƙon da ya leƙa ɗakin da ke bayan zaurena a Ƙofar Marusa, abin da yake fara cewa shi ne, "Malam, da girmanka?" Falle ɗaya ne na filawud, ƙafa takwas a tsaye, huɗu a kwance, na kewaye shi da layin dogo. Akwai kan jirgi biyu, tarago goma sha ɗaya, da 'yar tasha da na kwaikwayo daga ta Funtuwa, inda mahaifina ya fara kai ni ganin jirgi ina ɗan firamare. Ma'aunin HO ne, wato an rage komai sau 87, tsakanin dogo da dogo milimita 16.5.

Masu wannan sha'awa a Ingila da Jamus, lokacin sanyi suke duƙufa a kanta, in zafi ya zo su fice lambu. Mu ba mu da lambun fita. Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, inuwa ma kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A hunturu nakan kwashe awa uku a tsaye kan teburin ban sani ba. A Afrilu in na samu minti arba'in na gode Allah. Dabarar ita ce ka san aikin da zafi ke ɓatawa da wanda yake gyarawa, don ba duka ya zama ɗaya ba.

Bari in fara da wautar da na tafka. Na shimfiɗa layina na farko a watan Agusta, ana tsakiyar damina, gari luf-luf. Na manne bakin kowane dogo da na gaba, ko allura ba ta shiga, ina ta yabon kaina. Hunturu ya wuce lafiya. Wata ranar Afrilu bayan azahar na kunna, jirgi ya zo miƙaƙƙen layin gaban tasha, sai ji na yi ƙwaras, tarago uku sun kife. Na sunkuya na sa ido daidai da tebur: dogon ya lanƙwashe kamar macijin da aka taka wa wutsiya, har ya ɓalle daga 'yan haƙoran robar da ke riƙe shi.

Abu biyu ne suka haɗu. Dogon da ake sayarwa yanzu gamin tagulla ne da nikel da zinki, kuma ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi. Sandar dogo ɗaya ta kamfanin Peco mai lanƙwasuwa yadi ɗaya ce, milimita 914. Tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin ɗakin kwano a Afrilu akwai digiri 30 ko fiye, a nan kowace sanda takan ƙaru da kusan rabin milimita. Ka ga kamar ba komai, amma sanda bakwai a jere sun ba ka milimita uku da ba su da wurin zuwa. Na biyu, wanda ya fi ƙarfen ɓarna, katako ne. Da damina yakan sha danshi ya kumbura, rani ya busar da shi ya tsuke. To a ƙarshen Maris da Afrilu dogo na kan iyakar tsawonsa, katakon da ke ƙarƙashinsa kuma na kan iyakar tsukewarsa.

Daga nan na fahimci abin da ban taɓa zato ba: a Katsina bazara ce lokacin shimfiɗa layi. In ka haɗa sandunan a Afrilu, da rana, bakinsu na dab da taɓa juna, duk abin da zai biyo baya buɗewa ne, kuma jirgi na tsallake ɗan gibi ba tare da ya ji ba. In kuwa dole sai da damina ko hunturu za ka yi, bar gibi a kowace mahaɗa. Ni da katin gayyatar ɗaurin aure nake aunawa, in soka shi tsakanin bakin biyu, in kafa sandar, in zare. Katin banki ya yi kauri. A kan kwana kawai nake like mahaɗa da dalma don kada ta karye ta yi gwiwa, miƙaƙƙen layi kuwa a bar shi ya yi numfashi. Tunda mahaɗar da ke motsi ba abin dogaro ba ce wajen wuce wuta, kowace sanda ka sa mata 'yar wayarta daga ƙarƙashin tebur. Shi kuma filawud, a shafe shi da fenti sama da ƙasa da gefuna kafin a ɗora komai. Kafintan da ya haɗa mini ƙafafun ya ce, "Baba, ƙasan wa zai gani?" Na ce masa danshi zai gani, gara ma za ta gani.

In layinka ya riga ya lanƙwashe, kada ka danne shi da ƙusa. Ka yanke dogon a tsakiyar lanƙwasar da ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, ka goge bakin da magagari har ya koma ya kwanta da kansa, sannan ka sa mahaɗa.

Sai maganar lokaci. Gudun jirgi nakan yi shi ne daga dawowa masallacin asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, kafin kwano ya ɗau zafi. Bayan la'asar yaudara ce, rana ta yi sanyi a waje amma bango da rufi suna amayar da abin da suka sha. Bayan isha'i ya danganta da wuta. Ranar da aka ɗauke ta, batirin sola na fanka ne da firij, kuma Hajiya ta riga ta yanke hukunci: "Malam, in jirginka ya shanye batirin nan, kai za ka yi wa jikokinka fifita har asuba." Gaskiya jirgin ba ya cin wutar kirki, bolt 12 ne, fitilar ɗakin da fankar da nake kunnawa su ne masu ci. Ban dai tsaya musu ba. Shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara kuwa, rufe teburin nake yi sai bayan salla.

Kada ka bar kan jirgi ya yi ta zagaye fiye da minti goma sha biyar a irin wannan yanayi. Ka tsayar da shi, ka ɗora bayan yatsa a jikinsa. In ya yi ɗumi sosai ka ba shi hutu, ka sa ɗan'uwansa. Akwatin da ke rage wuta shi ma a ɗaga shi daga ƙasa, kada a rufe shi da tsumma. Mai yakan tsinke da zafi ya malalo kan ƙafafu, ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo, don haka ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, kuma a nemi wanda ba ya cin roba. Abin da taga ke haskawa kai tsaye a kawar da shi. Rufin tarago ɗaya ya bankare mini a kan haka, wani kuma na mance shi a mota a bakin babbar kasuwa, na dawo na tarar da shi kamar ɓawon ayaba.

Ƙura dai ta zama 'yar gida, ga ta hunturu ga ta guguwar da ke gaban hadari. Tsohon zanen gado nake yafa wa teburin, a kan 'yan sanduna don kada ya taɓa bishiyoyi. Kafin kowane gudu, ɗan sifirit a farin ƙyalle, a bi kan dogo da yatsa. Ban da samfefa, tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa. Ka wanke hannu kafin ka ɗauki tarago, gumi na barin shaida a fenti. Ka kuma leƙa cikin rami da ƙarƙashin gada da tocila. Zanzaro ya taɓa gina mini ɗakinsa na laka a tsakiyar ramin, daidai kan layi, tsaka kuma ta ɗauki tashar Funtuwa gidan ubanta.

Sauran wunin, aikin hannu nake fitarwa gindin darbejiyar ƙofar gida a kan faranti. Nan zafi ke yi mini rana. Tsakuwar layi daga yashin rafi nake tankaɗe ta da rariya, in bi ta da maganaɗisu don tsince ɓurɓushin ƙarfe, in ba haka ba maganaɗisun injin zai zuƙe su. Farin gam na kafinta rabi, ruwa rabi, da ɗigon sabulun wanke-wanke. Abin da ke kwana biyu bai bushe ba a Agusta, a Afrilu kafin magariba ya ƙame. Fentin ruwa ne mai gardama, yana bushewa a bakin buroshi. Sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a murfin kwano, ka ɗora takarda mai santsi a kai, ka zuba fentin kaɗan-kaɗan. Gidajen ƙasa masu zanko duk a bazara na yi su, da kwali da jar ƙasa.

Jikana, abokin tsokanata, shi ya kama ni da ƙarya. Ya ce, "Tsoho, layin Funtuwa ai siriri ne." Ya yi gaskiya. Tsohon layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda faɗinsa milimita 1,067 ne, nawa kuwa kwaikwayon mai 1,435 ne, irin na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Na ce masa to ya kawo kwali mu sake wa tashar suna. Mun yanka allon, shi ya rubuta KATSINA da hannunsa, harafin S ya juya baya. Muna jiran gam ya kama sai iska ta taso daga gabas, jajawur. Ya ruga ya ja tagar ɗakin jirgi, ni kuma na bi shi da zanen gado.